Matar da Aka Wanke wa Fuska

A tsallaken titi, daura da ƙofar gidan tarihi, akwai wani ɗan tebur mai gajeruwar ƙafa ɗaya da ake tallafe wa da dutse. Mai teburin ita ce Auta. Furfura ta cika mata goshi, ta aurar da 'ya'ya, amma har yau Auta ake ce mata, don haka mahaifinta ya kira ta kuma ba wanda ya ga dalilin canzawa. Abin da take sayarwa 'yan mutum-mutumi ne na yumɓu, bibbiyu, mace da namiji. Ba ta raba su. In ka ce macen kawai kake so, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Ai ba ta tafiya sai da mai yi mata wanka."

Baƙo yakan yi dariya ya saya. Ɗan gari kuwa ya san ba wasa take yi ba.

Baban Auta mai haƙa rijiya ne. Mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa, ya saba da ganin sama kamar bakin tulu. Wata rana yana cikin rami a gonar wani, digarsa ta daki wani abu mai ƙara daban da ta dutse. Ya ajiye diga ya sa hannu. Sai ga mata na yumɓu a jere, kowace tsawon kamu, masu faɗin ƙugu, hannuwa ɗore a ciki, kamar waɗanda suka kwanta jiran wani ya tashe su. Abin da ya sa gabansa faɗuwa shi ne kwalliyarsu: jan ƙasa a leɓe da kumatu, farin zane a wuya kamar tsakiya, idanu zagaye da baƙi. Masana da suka zo daga baya sun ce matan nan sun girmi garin da duk kakannin da ake iya tunawa.

Wasu sun ba shi shawara ya ɓoye ya sayar, wasu suka ce ya mayar ya rufe kada su bi shi gida. Baba bai saurari kowa ba. Ya naɗe su a rigarsa, ya taka da ƙafa har gidan tarihi. Aka sa su a akwatin gilashi a ɗaki na musamman, aka kafa ɗan allon tagulla a bango da sunansa a jiki. Baba bai iya karatu ba, amma ya san daga inda sunan nan ya fara zuwa inda ya ƙare. Allon nan shi ne gonarsa, shi ne dokinsa. Mutumin da ake kira idan ana neman mai shiga rami, yau ga shi a bango ana karanta shi.

Auta tana ƙarama ya fara kai ta, bayan rasuwar mahaifiyarta. Yakan ɗaga ta a kafaɗa ta leƙa. A cikin matan akwai wadda ta fi sauran girma da kyau, ma'aikata suna ce mata Babbar Yaya. Girarta ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi, kamar matar da ake ba labari tana cewa a ranta, "Ci gaba dai, ina jin ka." Auta ta ƙwallafa rai a kanta. Yarinyar da ba ta da uwa ba ta rasa inda za ta ajiye soyayyarta.

Da ta girma, albarkacin Baba aka ɗauke ta aikin shara da goge-goge a ɗakin. Tsintsiya, tsumma, bokiti da soso, su ne kayan aikinta, tana ajiye su a bayan ƙofa. Gilashi take gogewa, da daɓe. Buɗe akwatin kuwa ba nata ba ne. Wannan aikin wani mutum ne da kowa ke ce wa Mai Makulli, dogo, mai manyan kunnuwa da suka yi gefe, da tarin makullai rataye a ƙugu har sun karkatar masa da kafaɗa ɗaya. Tun daga soro ake jin zuwansa, kacau-kacau. An gaya wa kowa a gidan kada a taɓa matan. Abin da ba a gaya wa kowa ba shi ne dalili: kwalliyar nan ba a gasa ta da yumɓun ba, ƙasa ce kawai aka shafa a kai, ruwa na taɓa ta za ta bi shi.

Sai aka ce za a yi babban baƙo. Kun dai san yadda ake rikicewa in an ce babba zai zo. Aka shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa, aka ari tukwanen furanni, shugaban gidan yana zagayawa yana cewa yana so komai ya yi ƙyalli. Aka aika wa Baba cewa za a gabatar da shi, shi ne wanda ya tono. Ya ɗinka farar riga, irin wadda bai taɓa sawa ba, ya yi sammako ya riga kowa zuwa.

Da safen aka tura Auta ɗauko kujeru daga wani gini a bayan layi. Ko da ta dawo, ɗakin ya cika da mutane. Ta kutsa. Babbar Yaya tana wurinta a cikin gilashi, a jiƙe, fuskarta fayau kamar katangar tukunya. Ba leɓe, ba ido, ba girar nan. A bayan ƙofa ga bokitin Auta da ruwa ja wur a ciki, ga sosonta yana iyo. Garin neman gira an rasa ido.

Shugaba ya tambaya, "Bokitin wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe, amma ni ba na nan. Kuma ina na ga makulli?"

Mai Makulli ya ce ai shi tun da safe ya buɗe akwatin don iska ta shiga, ya tafi buɗe sauran ɗakuna. Yana magana yana ɓoye hannu a bayansa. Amma Auta ta riga ta gani: bakin hannun rigarsa a jiƙe, ƙarƙashin faratansa ja. Ta nuna shi, ta yi ihu, ta ce a duba hannunsa. Wa zai duba hannun mutumin da aka danƙa wa makullan gida saboda maganar 'yar shara? Ta juya tana neman wanda zai tsaya mata, ta hango Baba a bakin ƙofa cikin farar rigarsa. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta ce a ranta, ga wanda ya san ta.

Baba ya rusuna wa shugaba, kansa a ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Yarinta ce."

Da mari ya yi mata a gaban jama'a da ya fi sauƙi. Kafin baƙon ya iso an juya Babbar Yaya ta kalli bango, an kuma nuna wa Auta ƙofar baya.

Korar ba ta yi mata ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Unguwa ta sami abin yi. In ta wuce wurin famfo, sai wata ta ɗaga murya, "Auta, zo ki yi wa jaririna wanka, amma don Allah a bar masa hanci!" A kwashe da dariya. Wannan ma da sauƙi. Mai wuyar yana cikin gida. Baba ya daina haɗa ido da ita. In ta kawo abinci, kwanon yake kallo. Labarin rijiyar nan da yake ba kowa, har da wanda ya ji sau goma, ya mutu a bakinsa. Bai sake taka gidan tarihi ba. Farar rigar ya linke ta ya tura ƙasan akwati. Duk sa'ad da ta durƙusa ta ce, "Baba, wallahi ba ni ba ce," sai ya kau da kai ya ce, "Ya wuce, Auta. A bar maganar."

Bai wuce ba. A wurinta maganar ɗaya ce tak: mahaifinta ya yarda ita ta share fuskar abin da ya fi so a duniya, kuma ba za ta bari ya shiga ƙasa da wannan a ransa ba. Sai ya ji gaskiya daga bakin mai laifin. Ta rantse a kan haka, kuma Auta ba ta cikin masu rantsuwa su yi barci su manta.

Ta tafi wurin Inna, ƙanwar mahaifiyarta, maginiyar tukwane a bakin gari, ta ce tana son sana'a. Inna ta yi murna, ta ce gara yumɓu da zaman kuka. Ta koya mata yadda ake jiƙa shi a tattake, yadda ake cire tsakuwa, yadda ake shanya a inuwa don kada ya tsage, yadda ake jera kaya a rufe da kara a gasa. Auta ta koya da zafin nama, amma tukunya ba ta gabanta. In Inna ta juya baya, sai ta gutsuri yumɓu ta shiga fitar da ƙugu da kafaɗa. Na farkon sun fito kamar ƙwaɗi. Ta farfasa, ta sake. Ta yi ta sakewa har ranar da ta ɗauki gashin kaza, ta tsoma a baƙi, ta ja gira ɗaya ta ɗara ɗaya. Ta zauna ta kalli fuskar nan da ba ta ƙara wanzuwa ko'ina sai a kanta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar kora.

Da ta share hawaye sai ta gina namijin. Dogo, kunnuwa kamar marfin tukunya, kafaɗa ɗaya a karkace, makullai a ƙugu, soso a hannu, baki a sake. Inna ta leƙo ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Da ta nutsu sai ta ce, "'Yar nan, ki dai tuna. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Auta ta ce, "Inna, ni 'yar mai haƙa rijiya ce. Ban iya gajeren rami ba."

Haka teburin ya samo asali. Ta kafa shi inda duk mai fitowa daga gidan tarihi sai ya gan shi, kuma inda Mai Makulli sai ya wuce safe da yamma. Masu ziyara suna fitowa da tambaya a bakinsu, me ya sa babbar ba ta da fuska, sai su tarar da amsa a jere a tsallaken titi. Auta ba ta taɓa kiran sunan kowa ba. In an tambaye ta wane ne wannan mai kunnuwa, sai ta ce, "Oho, yumɓu ne. Yadda ya zo hannuna haka na bar shi." Daidai lokacin kuwa sai a ji kacau-kacau daga bakin ƙofa, mai saye ya waiga, ya dubi na hannunsa, ya sake waigawa.

Ba a daɗe ba sunan Mai Makulli ya ɓace, ya koma Mai Soso. Ya kai ƙara aka turo jami'i ya tashe ta. Jami'in ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dubi mai ƙarar da ke tsaye a gefensa, ya cije leɓe ya kasa, dariya ta ƙwace masa. Ya tafi da guda biyu a aljihu, tebur yana nan. Mai Soso ya sayi hula mai zurfi ya danne kunnuwa. A gashin yumɓu na gaba duk suka fito da hula, kunnuwan suna leƙowa ta ƙasa. Ya cire makullai daga ƙugu ya zuba a aljihu, suka fito da kumburarren aljihu. Ya koma shiga ta ƙofar baya, suka fito suna waiwaye. Duk abin da ya yi don ya tsere mata, sai ya zama ya ƙara mata abin ginawa. Kuma kada wani ya ce muku tana yi tana jin nauyi. Daɗi take ji. Duk kunnen da ta murza ta liƙa, ji take kamar ta sha ruwan sanyi.

A cikin shekarun nan ta yi aure, ta auri wani direba mai sanyin hali, suka haifi 'ya'ya. Yakan ce mata, "Haba, ki bar wa Allah mana." Ita kuma ta ce, "Na bar masa lahira. Duniyar ce nake ɗan riƙewa." Har ya rasu bai ci nasara a kanta ba.

Sau ɗaya Mai Soso ya taɓa tsallako titi ya tsaya a gaban teburin. Ya daɗe yana kallon kansa a jere, manya da ƙanana. Sannan ya ce, a hankali, "Ki bar abin nan haka, don darajar tsohon nan."

"Kada ka ƙara sa mahaifina a bakinka," in ji Auta. "In kana so in bari, hanya ɗaya ce. Ka zo gabansa ka faɗi wanda ya wanke ta."

"Ba kowace rijiya ake leƙawa ba."

"Ni a bakin rijiya aka haife ni. Matsa, kana tare mini masu saye."

Ta ɗauki maganarsa a matsayin tsoro, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ana nan ƙafafun Baba suka mutu. Sanyin ramukan da ya shiga ya taru ya sauka a gwiwoyinsa. Auta ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta, ta ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, mai taga ɗaya da ke kallon gadon. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke kawo ruwan ɗumi kowace safiya ta goge masa fuska da tsumma. Ko a nan, fuskarsa a tafin hannunta, idonsa bango yake nema. Yana ta ƙanƙancewa a cikin bargo. Ta ga lokaci yana ƙure mata, tsoro ya shige ta, tsoron kuma ya ƙara wa zuciyarta wuta.

A daidai nan 'yar Mai Soso ta zo, wata ma'aikaciyar asibiti mai ladabi. Ta durƙusa har ƙasa a tsakar gida ta ce, "Mama, don girman Allah. Babanmu ya tsufa, an kusa sallamarsa daga aiki. Yaran mota ma Mai Soso suke ce masa. 'Ya'yana a makaranta ana kiransu jikokin soso. Ki bar shi ya huta."

Auta ta nuna mata ƙofar ɗakin Baba. "Kin ga can? Nawa uban ma ya tsufa. Ki gaya wa naki, taku kaɗan ne daga titi zuwa ɗakin nan. Ranar da ya shigo ya faɗa, ranar zan fasa mutum-mutuminsa na ƙarshe da hannuna."

Saƙo ya dawo cewa ba zai zo ba.

To, shi ke nan. Auta ta ji an shirya masa walimar sallama a harabar gidan tarihi, da iyalinsa da abokan aiki. Ta zaɓi yumɓu mafi laushi ta gina Mai Soso mafi girma da ta taɓa yi, tsawon hannu, ba ta bar komai ba, har tanƙwarar bayan da tsufa ya kawo masa. Faratan nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan ƙasa. Ta naɗe shi a takarda mai ƙyalli ta ɗaure da zare, ta ba matasan ma'aikatan da ba su san mafarin zancen ba, waɗanda a wurinsu abin barkwanci ne na gidan. Suka karɓa da murna suka sa cikin kyaututtuka.

Tana zaune a teburinta ta ji lokacin da aka buɗe. Dariyar ta tsallako katanga, ta tsallako titi. Ta lumshe ido ta saurara har ta lafa. Sannan ta tattara kayanta da wuri ta tafi gida, don jikinta ya ba ta yau za ta yi baƙo.

Da la'asar Mai Soso ya iso, cikin kayan walima, da mutum-mutumin a hammata. Ba kacau-kacau, an karɓe makullan. Bai gaishe ta ba. Ya ce, "Ina yake?"

Ta buɗe tagar ɗakin Baba, ta tada shi ta jingina shi da matashi. Baba yana ganin wanda ya shigo sai ya runtse ido.

Mai Soso ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Ni na buɗe gilashin. Ni na fito da ita. Bokitinki na ɗauka don shi ne a kusa. Ni na riƙe soso na cuɗa. Da na ga abin da ya faru na mayar da ita, na bar miki bokitin. Ba ke ba ce."

Ba ke ba ce. Kalmomin da ta yi furfura tana jira. Daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ta durƙusa a bakin gadon ta kama hannun Baba. "Baba, ka ji? Baba, buɗe idonka, ka ji abin da ya ce?"

Baba bai buɗe ba.

"Ya ji," in ji Mai Soso. "Ya riga ki ji. Ke kika ce in faɗi wanda ya wanke ta, to saura rabi. Soso ba ya wanki shi kaɗai. Tambaye shi wa ya zo da sassafe ya leƙa gilashi ya ce ta yi ƙura, abin kunya ne baƙo ya gan ta haka. Tambaye shi wa ya ce ai shi ya tono ta, ya fi kowa sanin jikinta. Tambaye shi wa ya riƙa kamfato ruwa yana zuba mata a ka ina cuɗawa."

Mai Soso ya juyo ya dubi Auta.

"Na ci amanarki, ban musa ba. Tsoron rasa aikina ya sa. Kin rama, kin kuma rama, na haɗiye ban tona shi ba. Yau kin yi mini a gaban jikokina." Ya ajiye mutum-mutumin a ƙasa, a hankali, kamar mai ajiye kayan wani. "Amma ni dai ba ni na haife ki ba."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Auta ba ta tambayi Baba ba. Ta jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ta zazzage shi a daɓe. Farar rigar tana can ƙasa, a linke yadda ya linke ta. Ta warware. Daga ƙirji zuwa gefen ƙafa duk ɗigo-ɗigo ne na ja da ya koɗe. Ashe ba fushi ne ya hana shi kallonta ba duk shekarun nan. Ashe rantsuwar da take durƙusawa tana yi masa, ga wanda ya fi ta sanin gaskiya take yi wa.

Muryar Baba ta fito siririya. "Da sun cire allon, Auta. Da an ce wanda ya tono ta shi ya ɓata ta." Ya dubi rigar da ke hannunta. "Na ce ke yarinya ce. Na ɗauka za ki manta."

Ta dube shi, kuma a karo na farko tun ranar nan ya dube ta. Ta so ta ji tausayi, ta laluba a ranta ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne 'yar sharar nan da ta waiga bakin ƙofa tana neman ubanta. Ta linke rigar, ta mayar da kayan akwati, ta je ta ɗora masa abinci, ta ba shi a baki kamar kullum.

Washegari ba a ga tebur a tsallaken titi ba, haka ma kwanakin da suka biyo. Maƙwabta suka ce ko tsohon ne jiki ya tsananta. Hayaƙin gashin yumɓu kawai suka gani yana tashi daga bayan gidan.

Da ta koma kasuwarta, kaya suna nan yadda suke, bibbiyu. Ta ce ta yi alkawarin fasa na ƙarshe, ta kuma fasa wanda ya bari a ɗakin, ba ta yi alkawarin daina gina sababbi ba. Akwai kuma na uku da ta gina, shi ba na sayarwa ba ne, kuma guda ɗaya ta yi. Ɗan tsoho ne cikin farar riga mai ɗigo-ɗigon ja, ya rusuna, kansa a ƙasa, da moɗa a hannu tana karkace. Ba ta taɓa gina abin da ya kai shi kama ba, don wannan fuskar a hannunta take kwana take tashi.

Da sanyin safiya ta shiga da ruwan ɗumi, ta buɗe taga, ta ajiye ɗan tsohon yumɓun a bakin tagar daidai inda idon mai kwance zai fara sauka. A gefensa ta tsayar da Babbar Yayar da ta gina, da cikakkiyar kwalliyarta, gira ɗaya sama tana kallonsa. Baba ya farka ya gani. Ya daɗe yana kallo. Ya yi ƙoƙarin juyawa bango, jikin ya ƙi.

"Auta," ya ce, "mene ne wannan kuma?"

Ta tsoma tsumma a ruwa, ta matse shi sosai, ta zauna a bakin gadon.

"Yarinta ce, Baba," in ji ta. "Ɗago fuskarka in wanke maka."